Mage a Gidan Haya

Kaka ta wuce, an ɗaure dammuna, an rufe rumbuna. Yanzu ne lokacin da samari da magidanta ke barin ƙauye su tafi cin rani. Wasu Maraɗi suke nufa, wasu Damagaram ko Tawa, wasu har Yamai. Wanda zai yi wata biyu ko uku yakan raɓa wurin ɗan'uwa. Wanda ya ɗauko iyalinsa kuwa, dole ya kama ɗakin haya. Akwai kuma makiyayan da fari ya cinye wa dabbobi a 1973 da 1984, suka shigo gari suka zauna, wasu daga cikinsu a gidajen haya.

A wannan wata filin nan zai duba wata ƴar magana da ke haɗa mai gida da ɗan haya faɗa, wato maganar mage. Wani wuri kyanwa ake ce mata, wani wuri mussa, wani wuri kuliya. Duk dabba ɗaya ce. A ƙauye ba mai neman izini kafin ya ajiye ta. A gari kuwa, wani mai gida tun ranar ba da mabuɗi yake kafa sharaɗi: ba akuya, ba kaza, ba kare, ba mage. Ɗan haya ya ce to, ya karɓi mabuɗi, alhali magen tana cikin kwando an lulluɓe ta da zane. Daga nan rikici ke somawa.

Dalilin ɗan haya

Manomi ba ya zuwa gari hannu sake. Yakan ɗauko buhun hatsi, da ɗan wake, da gyaɗa, don kada ya riƙa sayen abinci a kasuwa da tsada. Ba shi da rumbu a gari, sai ya jingine buhun a kusurwar ɗakin da yake kwana. Daren farko kusu zai ji labari.

Ga ɗan lissafi. Ɓeran gida babba yakan ci kusan giram 15 na abinci a rana. In su 10 ne, giram 150 ke nan. A kwana 30 sun ci kilo 4 da rabi. Tiya ɗaya ta hatsi ta kai kilo 2 da rabi. Ke nan kusan tiya 2 sun tafi a wata guda, ban da wanda suka ɓata da fitsari da kashi, ban da buhu da tufafin da suka huda.

Kuma kusu ba ya zama kaɗan. Wanda ya fi yawa a gidajen Yamai shi ne kusu mai nonuwa da yawa. Macen takan ɗauki ciki na kusan kwana 23, ta haifi ƴaƴa 10 ko fiye. Irin wannan kusun ne ke ɗauke da zazzaɓin Lasa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lasa, cikin jihar Borno ta yanzu a Najeriya. Ta fitsarinsa da kashinsa cutar ke shiga abincin mutane.

Saboda haka wanda ya riƙe magensa ba gata kawai yake yi mata ba, abincin ƴaƴansa yake tsaro. Ban da wannan, yara sun saba da ita, tsohuwa ma tana ɗebe mata kewa a garin da ba ta san kowa ba.

Dalilin mai gida

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gidan haya ɗakuna ne da yawa, tsakar gida ɗaya, iyali biyar ko shida. Mage takan tona rairayin tsakar gida ta yi kashi ta binne, a inda ake shimfiɗa tabarma, a inda yara ke wasa. Takan buɗe tukunyar maƙwabta ta ɗauke nama, ta sa baki cikin ƙwaryar nono. Takan kama ƴan tsaki da ƴan shila na gidan da ke bayan katanga. In lokacin barbararta ya yi, muzuraye su taru bisa rufin kwano, ba mai barci. Duk waɗannan ƙararraki wurin mai gida ake kai su. Akwai kuma masu ciwon asma, waɗanda zama kusa da mage ke sa numfashinsu ya sarƙe. Waɗannan dalilai ne na gaskiya, bai kamata a raina su ba.

Akwai kuma dalilan da ba su da tushe. Wasu na cewa gashin mage ke kawo tarin fuka. Ba haka ba ne. Ana ɗaukar tarin fuka daga tarin mai ciwon, wani lokaci kuma daga nonon saniya marar lafiya da ba a tafasa ba. Wasu na cewa baƙar mage mayya ce ko aljana. Wannan camfi ne. Baƙa da fara duk kusu suke kamawa.

Ɓoyo ba dabara ba ce

Ana iya ɓoye kuɗi, ana iya ɓoye rediyo. Mage ba ta ɓoyuwa. Tana kuka, tana hawan katanga, tana leƙen taga. In ita ba ta tona kanta ba, yaran gida za su faɗa wa abokan wasansu. Kuma tun tana da wata 6 tana iya ɗaukar ciki. Cikinta wata 2 ne da ƴan kwanaki, ta haifi 3 zuwa 5, kuma tana iya haihuwa sau 2 ko 3 a shekara. Wanda ya ɓoye ɗaya, kafin damana ya wayi gari da biyar. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Don kada a gan ta, mai ɓoyo yakan kulle ta cikin ɗaki ya tafi neman kuɗi tun safe har dare. A watan Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40 a inuwa, balle cikin ɗakin kwano a rufe. Malamai suna karantar da hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, na matar da ta shiga wuta saboda ta tsare mage, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nemi na kanta ba. Addini bai ƙyamaci mage ba. Babban sahabi Abu Huraira ya samo laƙabinsa ne daga ƴar kyanwar da yake yawo da ita, kuma a littafin Muwaɗɗa na Imam Malik an nuna cewa ita ba najasa ba ce. Amma addinin nan dai shi ne ya yi umarni da cika alkawari, tun a ayar farko ta Suratul Ma'ida. Wanda ya ce wa mai gida "to" alhali mage na cikin kwando, ya ci amana biyu a lokaci guda. Ya yaudari mai gida, ya kuma zalunci dabbar da ya kulle.

Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Ranar da asiri ya tonu, ba maganar mage kaɗai za a yi ba. Mai gida zai ce wanda ya yi ƙarya a kan wannan zai yi a kan wani abu. In ya ce a tashi, sai a sake lissafi. A ce kuɗin ɗaki jika 10 ne a wata. A ce sabon mai gida ya nemi kuɗin wata 2 tun gaba, da na wata 1 na ajiya, jika 30 ke nan. A ce dillali ya karɓi jika 5, mai amalanke jika 2. Jika 37 ne ɗan cin rani zai fiddo a rana ɗaya, daga kuɗin da yake tarawa don iri da taki da abincin masu noma. Ga yara sun yi nisa da lakkol, ga sunansa ya ɓaci wurin dillalan unguwa.

Abin da doka ta ce

Wasu da suka yi zaman ƙasar waje suna cewa mai gida ba shi da ikon hana mage. A Faransa maganarsu gaskiya ce. Tun ranar 9 ga Yuli 1970 aka yi doka a can, wadda ta ce sharaɗin hana ɗan haya ajiye dabbar gida a mazauninsa ba shi da ƙarfi, muddin dabbar ba ta ɓata gini ba, ba ta kuma dami maƙwabta ba. Daga baya aka cire karnuka masu haɗari daga wannan dama. Amma wannan dokar Faransa ce, ba ta bin mutum zuwa Maraɗi ko Doso.

Nijar tana da dokar haya tata tun 1996. In rigima ta tashi, yawanci wurin mai unguwa ake fara zuwa don sulhu, in ya gagara a wuce gaban alƙali. Ko ina aka je tambaya uku za a yi: Me kuka shirya? Wa ya shaida? Ina takarda? Wanda ya amsa sharaɗi da bakinsa gaban mutane, sa'an nan ya saɓa, ya raunana maganarsa tun kafin ya buɗe baki.

Yadda ake neman izini

Lokacin magana shi ne kafin a biya kuɗi, kafin a shigar da kaya. A lokacin ɗan haya yana da zaɓi, mai gida kuma yana son ɗakinsa ya samu mutum. Kada a aika yaro, kada a bar wa dillali. Magidanci ya tafi da kansa, tare da wani dattijo da mai gida ke jin nauyinsa. In mai gidan mace ce, zai fi kyau uwargida ta je tare da shi. Bayan gaisuwa sai ya ce:

"Alhaji, Allah ya ƙara girma. Na ji sharaɗin gida, kuma na gode da aka faɗa mini tun yanzu. Ina da mage ɗaya, saboda hatsin da na zo da shi. Ban so in shigo da ita a ɓoye ba, shi ya sa na zo neman izini. In akwai abin da ta taɓa jawowa a gidan nan, Alhaji ya faɗa mini, in ga ko zan iya ɗaukar nauyinsa."

Sai ya yi shiru ya saurara. Sau da yawa wani ɗan haya ne can baya ya bar gida da ƙazanta, shi ya sa aka kafa dokar. In an san ciwon, an san maganin. Ana iya roƙon gwaji na wata ɗaya. Ya kamata kuma a zagaya sauran ƴan haya a ji ta bakinsu, musamman mai kiwon tantabaru a maƙwabta, da mai ciwon asma, da mai jariri.

Wanda ya riga ya shigo da mage a ɓoye, shi ma ƙofa ba ta rufe ba. Gara ya je ya faɗa da bakinsa ya ba da haƙuri, da a ce wani ya riga shi kai labari.

In mai gida ya yarda, a rubuta. A nan ne karatun yaƙi da jahilci ke biyan mai shi. Da boko ko da ajami, duk ɗaya ne. Ga misalin takardar:

"Ni, ........, mai gida a unguwar ........, na yarda ........, ɗan haya a gidana, ya ajiye mage ɗaya. Shi zai kwashe kashinta kullum. Shi zai biya duk ɓarnar da ta yi. Zai kai ta allurar rigakafi. In ta haihu, zai raba ƴaƴan bayan wata 2. In ya saɓa, za a gargaɗe shi gaban shaidu, a ba shi kwana 30 ya sama mata wani wuri. An rubuta ranar ........ Sa hannun mai gida. Sa hannun ɗan haya. Sa hannun shaidu 2."

A rubuta guda biyu, kowa ya riƙe ɗaya. Wanda bai iya sa hannu ba ya dangwala yatsa. Ko mai gida ya yi tafiya ya bar wa ɗansa ko wakilinsa gida, takarda na nan.

In an yarda, sai cika alkawari

1. A zuba rairayi cikin tsohuwar tasa, a ajiye a lungu nesa da wurin girki. Mage takan saba da shi da sauri. A kwashe kashin kowace rana, a binne ko a zuba a salga, a wanke hannu da sabulu. Mace mai ciki kada ta yi wannan aiki, domin kashin mage yana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta mai cutar da ɗan da ke ciki.

2. A ba ta abinci da ruwa. Wasu na barin ta da yunwa wai don ta fi kama kusu. Yunwa sata take koya mata. Mage ƙosasshiya ma tana farauta, don halinta ne. Ita maciyar nama ce, tuwo kaɗai ba ya riƙe ta. A haɗa mata da kan kifi, ko dafaffen hanjin kaza, ko guntayen nama daga wurin mahauta.

3. A kai ta wurin likitan dabbobi a ma'aikatar kiwo a yi mata allurar haukan kare, tun tana da wata 3. Shi zai faɗi lokacin sakewa. A adana takardar allurar a nuna wa mai gida.

4. Kada a ba ta maganin mutane. Farasitamol, da ake sha don ciwon kai, yana kashe mage. Kada kuma a shafa mata maganin ƙwarin gona ko maganin kaskar shanu wai don kashe ƙuma.

5. Makiyayi ya san amfanin dandaƙar sa da bunsuru. Muzuru ma in likitan dabbobi ya yi masa fiɗiya, yakan rage yawon dare da faɗa da fitsari a bango. Akwai aikin hana haihuwa da ake yi wa macen. Likita kaɗai ke yin waɗannan, ba a yin su a gida.

6. In ta yi ɓarna, a biya a ranar, kafin a kai ƙara. Kuɗin ɗan tsako ɗaya bai kai zaman lafiya da maƙwabci ba.

7. In mage ko kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi har jini ya fito, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a tafi likita a ranar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya. Kusan duka daga cizon kare ne, amma mage ma tana ɗauka ta ba mutum. Allura tana tsare rai in an yi ta da wuri. In alamun ciwon suka bayyana, da wuya ƙwarai a tsira.

In mai gida ya ƙi

Gidansa ne. Ba zagi, ba gaba. Ɗan haya na iya neman wani gida tun kuɗinsa na aljihu. Yana iya barin magen a ƙauye wurin dangi, ta tsare rumbu har ya dawo. Yana iya ba mai kanti, ko mai injin niƙa, ko ɗan kasuwar hatsi, domin su kullum neman mage suke. Abin da bai halatta ba shi ne a sa ta cikin buhu a jefar a tasha ko a bayan gari. Dabbar da ta saba da hannun mutum wahala take sha a can, ta kuma koma ɓarauniyar unguwa.

Sauran maganar kusu. Ko da mage ma, ba ita kaɗai ke maganinsa ba. Ƙanana take kamawa, gafiya da manyan ɓeraye sau da yawa takan kauce musu. Ga abin da ke aiki a kowane gida:

A zuba hatsi cikin tano na ƙarfe mai murfi, bayan ya bushe sarai. In buhu ne, a ɗora bisa katako, a janye shi daga bango. Buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS, wanda ya fara yaɗuwa a ƙasar nan daga 2007, yana tsare wake daga ƙwari, amma shi ma a ɗaga shi daga ƙasa, don in kusu ya huda shi ya tashi aiki. A toshe ramuka da siminti. A rufe abinci, a share ɗaki, a fitar da shara kafin a kwanta. A ɗana tarko a gindin bango, nan ne hanyar kusu. Mataccen kusu ba a ɗaukarsa da hannu tsirara, a sa leda ko shebur, a binne shi da zurfi. Gubar ɓera kuwa sai da hattara ƙwarai a gidan da yara ke rarrafe. Tana kashe kaji, tana kashe magen maƙwabta in ta ci kusun da ya sha ta.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In ɗaki ɗaya ya yi tsabta biyar ba su yi ba, kusu ɗaki kawai zai sauya. Ƴan haya su sa rana ɗaya su yi aikin tare, su roƙi mai gida ya kawo siminti, tun da gininsa ake gyarawa.

Kira ga masu gidaje

Kusu ba hatsin ɗan haya kaɗai yake ci ba. Yana haƙa rami a gindin katangar laka, ruwan damana ya bi ramin, katanga ta zube. Yana gaigayar wayar lantarki, abin da kan jawo gobara. Mai gidan da ya hana mage gaba ɗaya, ya kamata ya auna wannan asara. Mage ɗaya mai sharaɗi a rubuce ta fi araha bisa ga sake gina katanga. Wanda ya ga dai ba zai iya ba, ya faɗi dokarsa a fili kafin ya karɓi kuɗi, ya kuma yi ta a kan kowa daidai, ba a hana baƙo a ƙyale ɗan'uwa ba. In ɗan haya ya zo da gaskiyarsa, a saurare shi. Mutumin da ya nemi izini a kan mage, shi ne wanda ba zai gudu da kuɗin wata ba.

Tambayoyi don tattaunawa a cibiyar karatu

1. In ɓera 20 ne a gida, tiya nawa za su ci a wata 3?
2. Waɗanne dalilan masu gida ne na gaskiya, waɗanne ne camfi?
3. Kowane ɗalibi ya kwafi takardar yarjejeniya a littafinsa, ya cike guraben, ya karanta wa ƴan'uwansa.

Allah ya ba masu cin rani sa'a, ya maido su gida lafiya kafin ruwan shuka. Sai wata mai zuwa, in Allah ya yarda.